Sunana Yana Kan Faifan, Muryata Ba Ta Ciki

Anti Nynke, don Allah ki agaza mini da shawara kafin ranar Alhamis, domin na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana. Shekarata saba'in da huɗu, amma kwana biyun nan ko burodi da cuku na kasa haɗiyewa, sai shayi.

Na san kin san faifan nan na waƙoƙin makon Ista da ƙungiyar mawaƙan garinmu ta naɗa tare da makaɗa a shekarar 1974, wanda har yau rediyo ba ya barin Ista ta wuce bai sa shi ba. Sunana yana bayan kwalin, a jerin mata masu kaurin murya. Yanzu za a sake fitar da shi don ya cika shekara hamsin, kuma rediyo yana son hira da mu huɗun da muka rage a duniya ranar Alhamis ɗin nan. To Anti, ko "a" ban ce ba a faifan nan.

Ga yadda aka yi. A watan Fabrairu aka naɗe shi a babban coci, aka kashe na'urar ɗumama ɗaki saboda ƙarar bututunta tana shiga makirufo. Muna tsaye cikin kwat, yatsunmu kamar ƙanƙara. Ni kuwa dama na sha ruwan sama a kan keke, sai na wayi gari murya ta dishe gaba ɗaya. Jagoranmu, marigayi Malam Roorda (na canza sunaye), mutum ne da ko ƙarar takarda ba ya yafewa. A ranar ya kori maza uku gida saboda tari. Da ya zo kaina ya ji yadda nake kukan kwaɗo, sai ya dube ni ta saman tabarau ya ce in koma wurina in tsaya, amma in ya ji ko numfashina sai ya rataye ni a igiyar ƙararrawa. Allah Ya jiƙan mutumin nan. Ya san shekara biyu ina taka keke kilomita goma sha huɗu zuwa atisaye, ya ji tausayina. Har in mutu ba zan daina gode masa ba.

Haka na tsaya kwana uku ina motsa baki kamar kifi. Ba abin da na tsinana sai ɗan aikin da na saba yi wa Hiske, ƙawata da ke tsayawa a damana. Ita makauniya ce, ba ta ganin hannun jagora, don haka nakan riƙe gwiwar hannunta, in matsa idan lokacin shiga ya yi, in saki idan za a yanke. Wannan ai ba waƙa ba ce.

Abin da ke cin raina shi ne mijina, marigayi Wiebe. Akwai wani wuri a gefe na biyu na faifan, bayan masu goge sun yi shiru, inda murya ɗaya take ɗan fitowa sama da ta sauran mata. Duk Ista sai ya ɗaga yatsa ya ce kowa ya rufe baki, ga tasa nan, wato ni. Muryar Hiske ce! Ran farko ya yi murna har da hawaye, na kasa gaya masa gaskiya, shekara arba'in da ɗaya kuma ban samu ranar faɗa ba har ya rasu. Yanzu jikata Fenna ta gaji yatsan, har ta shiga ƙungiyar mawaƙa wai don ta gaji muryar Kaka. Ita kuwa Hiske tana gidan tsofaffi a garin Sneek, ta san komai, ba ta taɓa tona ni ba. In na je gaishe ta sai dai ta ce ga babbar mawaƙiya ta iso, mu yi dariya.

Mutane sun rufa mini asiri rabin ƙarni, na gode musu. Amma in ɗan jarida ya tambaye ni yadda na ji da nake rera wurin nan, me zan ce? Ina tsoron fuskar Fenna.

Mai Motsa Baki, daga lardin Friesland

Baiwar Allah Mai Motsa Baki, sannu da wannan kaya. Da ba hirar nan, da sai in ce shirunki bai cuci kowa ba, ki bar shi. Amma yin shiru daban, zama a gaban makirufo ki karɓi muryar wata daban, kuma Hiske tana da rediyo a ɗakinta. Na san ba za ki iya ba, shi ya sa abinci ya ƙi shiga.

Sai dai akwai abin da kika rubuta da hannunki ba ki lura ba. Faifai ba ya ɗaukar hoto, wa zai ga bakinki yana motsi? Mutumin da ya kori maza uku saboda tari ba tausayi ne ya sa ya bar ki ba. Yana buƙatar muryar Hiske, ita kuma ba za ta shiga daidai ba sai da hannunki. Aiki ya ba ki, ya dai ba ki shi cikin faɗa irin nasa.

Don haka gobe ki sayi kek, ki hau jirgin ƙasa zuwa Sneek, ki gode wa Hiske baki da baki, ki nemi izininta kafin ki ambaci sunanta. Daga nan ki zaunar da Fenna, kada ta fara ji a rediyo. Tana iya yin turus, har ta ɗan yi fushi, ki ba ta lokaci. Mawaƙiya ce, ta san abin da ake nufi da shiga a kan lokaci.

Game da Wiebe, ba zan ce miki ba a yi kuskure ba, ya kamata ya sani. Amma ki sa faifan, ki jira wurin da masu goge suke yin shiru. A daidai inda yake ɗaga yatsa, a nan ne kika matsa gwiwar hannun Hiske. Bai san ta yaya ba, amma da ya ce ga tasa nan, kina wurin.

Allah Ya ba ku lafiya ke da Hiske. Ki ci abinci, ranar Alhamis kuma ki buɗe baki da gaske. Zan kunna rediyo.

Anti Nynke