Yatsu Biyun Faisal

Zuwa ga Yayana Idris, Allah Ya haskaka makwancinka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'a, ƙanwarka Ramlatu ce ke rubuto maka daga bencin asibiti.

Ɗana Faisal, wanda ka bari yana koyon tafiya, yanzu shi ke riƙe da tukubar tsirenka a unguwar Aziziyya, nan garin Manzo. Larabawa har layi suke yi. Makon jiya tukunyar gas ta kama da wuta, ya sa hannun dama ya janyo ta waje don kada shagon maƙwabci ya kama. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun mutu. Likita ya ce a cire su tun ruɓa ba ta hau ba, in aka yi jinkiri hannun ne zai tafi gaba ɗaya.

Yaron nan ya ƙi. Taurin kan gidanmu ne, kai ka fi kowa saninsa. Wai wa zai karɓi nama daga guntun hannu, kuma ba zai miƙa wa mutum abinci da hagu a garin Manzo ba. Na yi kuka, na yi faɗa, ba abin da yake ce mini sai "Khalas ya Ummi," wato magana ta ƙare, Mama.

Sai na tuna kasat ɗinka. Ka tuna yadda kake kai mu gonakin dabino na Awali a tsohuwar motarka, ka ɗaga gilashi don kada Baba ya samu labari, ka sa mana kiɗan jaz na mutumin nan na Faransa mai gita? Ni ina toshe kunne ina cewa hayaniya ce. Kai kuma kana dukan sitiyari kana cewa, "Wuta ta shanye masa yatsu biyu, ki ji abin da ya yi da sauran."

Na sa 'yar maƙwabta ta nemo mini shi a waya, na kunna wa Faisal. Yaya, ashe ba ka ba ni labarin duka ba! Yaron ya bincika ya gano cewa shi ma makaɗin, da likitoci suka so yanke masa ƙafa bayan gobarar, ƙi ya yi, kuma ya warke. Ya nuna mini yana murmushi. Wallahi da kana kusa da ka sha masifata.

Yau da safe zazzaɓi ya rufe shi, baƙin ruɓar yatsun ya fara gangarowa tafin hannu. Shi da kansa ya ce in sake kunna kiɗan. Na zauna na saurara, a karo na farko ban toshe kunne ba. Kiɗan yana gudu kamar ruwa a kwalbatin gona, babu inda za ka ji alamar nakasa. Ka yi gaskiya, mutumin nan gwani ne.

Faisal ya daɗe yana kallon bandejinsa. Ya ce, "Duk wannan gudun bayan ya rasa yatsu biyu ne?" Na ce haka kawunka ya ce. Sai ya ce in kira likita.

Sun shiga da shi tun bayan azahar. Likitan bai yi mini alkawarin zai tsaya a biyu ba.

Ya Allah Ka jiƙan Yayana, Ka bar wa ɗana tafin hannunsa.

Taka,
Ramlatu