Ƙamshin Rigata

Zuwa ga sanyin idanuna, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, yayyafin farko a kan busasshiyar ƙasa, uwar 'yata, matata,

Ina miki sallama irin ta mai laifi, wanda ya zo bakin ƙofa ya kasa ɗaga labule. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da kika koma gidan Yaya, babbar 'yar'uwarki, ke da 'yarmu Mamana, kuma tun ranar ɗakinmu ya zame mini ƙafaffiyar rijiya. Takalmanki na zuwa makaranta suna nan bayan ƙofa. Jan biron da kike duba aikin ɗalibanki da shi yana nan kan tebur, ko murfinsa na kasa mayarwa. Wayyo masoyiya! Ashe haka shiru yake da nauyi?

Kin tuna ranar da ruwan sama ya koro ki shagona? Kin tsaya daga bakin ƙofa rungume da littattafai, kina ta ba ni haƙuri kamar ke kika kira hadarin. Sai na ɗiga miki turare a bayan hannu. Kika shinshina, kika ce, "Malam mai turare, wannan ai sai ya sa mutum ya manta hanyar gida." Ke kin gane hanyarki da ruwa ya tsagaita. Ni ne na ɓata, har yau kuma ban so a tsince ni ba.

Bayan haihuwar Mamana wannan ciwon ɓarin kai ya shigo mana gida. Na sha ganinki dafe da gefen hagu, kina cewa wani abu na walƙiya a idonki, sai amai, sai kwanciya wuni guda cikin duhu, ko ƙarar cokali ba kya iya jurewa. Da farko ina zama kusa da ke. Daga baya na fara sauraron masu cewa, "Ciwon kai ne fa, wa ba ya yi?" Kaicona! Na gan ki kamar furen da rana ta dafa, amma na tsaya ina lissafin ziyarar da kika fasa da abincin da ba a ɗora ba.

Sai wannan la'asar ɗin. Na dawo daga shago da ɗokin ganinki, na sunkuyo zan taɓa goshinki, kika juya fuska bango, kika toshe hanci da mayafi. Zuciya ta ɗebe ni na ce, "In kin gaji da ni ki faɗa, ki daina fakewa da ciwon kai." Da ƙarfi na faɗa, a kan wannan kan naki! Mamana ta jawo gefen rigata tana raɗa, "Abba, a hankali, kan Umma." Yarinya 'yar shekara huɗu ta san abin da ubanta bai sani ba. Washegari kika haɗa kaya.

Ranar Talata Yaya ta zo shago. Ko zama ba ta yi ba, ta ajiye wani ɗan littafi a kan teburin shagon, ta ce, "Tunda kunnenka ya ƙi ji, ga shi, idonka ya gani." Littafin da likita ta ce ki riƙa rubuta abin da ke tayar miki da ciwon ne. Na ga rashin barci. Na ga hayaniyar aji, da ranakun da kika wuni ba ki ci komai ba, da hasken rana a kan allo. Sannan na ga kalmomi biyu suna ta maimaituwa, shafi bayan shafi: ƙamshin rigarsa. Sau goma sha bakwai, na ƙirga. A ƙasan ɗaya kika rubuta, "Ba zan iya faɗa masa ba. Sana'arsa ce, da ita yake alfahari."

Ya farin watana, ta yaya kika ɗauki wannan ke kaɗai? Kullum ina shigowa da ciwonki a jikin rigata, kina yi mini sannu da zuwa! Na rufe shago da rana tsaka, na zauna tsakanin kwalabe, na yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar mahaifina.

Na je na sami likitar. Ta ce ba za ta yi mini zancenki ba sai kina wurin, amma ta koya mini abin da ya kamata in nema tuntuni. Na sa labule mai kauri a tagar ɗakinmu. Na cire farin ƙwan lantarkin nan mai kashe ido. Akwai jiƙaƙƙen tawul a firij, da gorar ruwa a gefen gado, da wurin maganinki inda hannu zai kai ba sai an tashi ba. Duk wata kwalbar turare na fitar daga gidan, na wanke katifa da zannuwa na shanya. Yanzu a bayan shago nake wanka, in bar kayan aiki a can. In duk wannan bai isa ba, wallahi zan bar wa ƙanena shagon in nemi wata sana'a. Ina amfanin ƙamshin da ke korar mini ke?

Ba zan yaudare ki da alkawarin warkewa ba. Likita ta ce ana dai samun sauƙi, yakan tafi ya dawo. Abin da nake roƙo shi ne, in ya dawo ya same mu mu biyu.

Yaya ta ce ranar Alhamis da ƙarfe goma za ki koma asibiti. Zan zo in zauna a benci na ƙarshe. In kin wuce ba ki dube ni ba, ba zan bi ki ba, kuma ba zan ga laifinki ba. In kuwa kin yafito ni, zan shiga tare da ke, in yi shiru, in saurari duk abin da kika shekara huɗu kina haɗiyewa.

Naki ne ni a ranar lafiya, naki a ranar duhu, har ƙasa ta rufe idona,

Mijinki