Kwanon da Ya Riƙa Dawowa Cike

Garu, Dutse,
Jihar Jigawa.
14 ga Satumba.

Zuwa ga 'yata Mu'minatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Zuhair da yara baki ɗaya. Allah ya tsare ku a wannan gari mai nisa, ya yi wa nemanku albarka. Mu nan muna lafiya gwargwadon abin da tsufa ya bari. Damina ta yi kyau, gero ya fara nuna a gonarmu ta hanyar Kiyawa. Yayanki Izzuddeen yana nan yana fama da aikinsa, matarsa Huseina kuma ta warware daga zazzaɓin da ya kwantar da ita. Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Kunnena ne ya yi nauyi, Auta. Kina magana da sauri, layin Fatakwal yana yankewa, ni kuwa sai in yi ta amsa miki da to, ban ji rabin abin da na amsa ba. Shi ya sa na ɗauko biro, zan ba Ɗan'inna direba ya kawo miki. Hannun ya tsufa, ki yi haƙuri da rubutun. Ba shi ne na hedimastan da kika sani ba.

Maganar abinci ce ta sa na rubuto. Wata biyar ke nan da likita ta ce ina da hawan jini da ɗan ciwon suga. Abin da ta faɗa ba shi da yawa: in rage gishiri, in rage tuwo, in ƙara ganye, in sha magani kan lokaci. Amma tun daga ranar kowa ya zama likitana. Ke kika kira kika ce a daina ba ni masara da shinkafa, kika aiko da buhun alkama, Allah ya saka miki. Ana cikin alkamar sai Izzuddeen ya zo da wani mutum a cikin wayarsa, sanye da farar riga, yana rantsuwa cewa alkama da fulawa duk abu ɗaya ne, acca ce magani. Aka nemo acca. Wani a rediyo ya ce babu kamar gero, bayan sati biyu wani a tashar nan ɗin ya ce kunun gero yana ta da suga. Abokina Modibbo ya ce mahaifinsa ya kai shekara casa'in da nono da man shanu yana bin garke da ƙafarsa. Ke kuma kika gaya wa Huseina man shanu yana toshe jijiya. Ƙwai an hana ni, an dawo an ce in ci, an sake hanawa. Hatta dabinon tsakar gida, wanda mahaifina ya shuka, wani malami ya ce waraka ne, wata maƙwabciya ta ce suga ne zalla. Yanzu kallonsa kawai nake yi.

Laifina a nan shi ne ban iya mayar wa mutum da maganarsa ba. Duk wanda ya tako ya zo ya ce kada in ci wani abu, don yana ƙaunata ya faɗa, sai in ji nauyin ya gan ni ina ci. Saboda haka na bi kowa. Abin da ban lura da shi ba, kowa cirewa yake yi, babu mai ƙarawa. Ranar da na zauna na yi tunani, abin da ban ji an hana ba sai zogale da ruwan ɗumi. Na gaji, Auta. Ba yunwar ce ta fi gajiyar da ni ba, fargabar kowace loma ce.

Akwai abin da Huseina ba za ta gaya miki ba, ni zan gaya miki. Kin san ciyayyarmu ta ƙofar gida bayan magariba, inda kowane magidanci ke fito da kwanonsa a haɗa a ci tare. Shekara arba'in da wani abu ina zama a tabarmar nan. Da aka fara yi mini girki daban, babu gishiri, babu mai, babu magi, haka kwanona ya riƙa fita. Mutane su sa hannu sau ɗaya don kara, su koma kan sauran kwanukan. Ni kuma ba na taɓa nasu don an hana ni. Kwanon gidanmu ya riƙa dawowa cike. Ke mace ce, kin san abin da wannan yake nufi a unguwa. Magana ta zagayo ta bakin mata cewa surukar Malam ba ta iya miya ba, wasu ma suka ce rowar mai take yi wa tsoho. Na tarar da ita tana share hawaye a bakin murhu. Yarinyar da mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, ta koya wa miyar kuka da hannunta. Ni ne na ce a riƙa kai mini abincina ɗaki.

Wata huɗu ina ci ni kaɗai, ina jiyo muryoyinsu ta taga. Izzuddeen ba ya dawowa da wuri, yara kuma suna cin nasu a wajen uwarsu. In sa loma biyu in rufe kwano. A cikin watannin nan ne abokin ciyayyarmu Malam Nata'ala ya rasu, kin yi mana ta'aziyya a waya. Abin da ban gaya miki ba shi ne, an ce kullum sai ya tambayi ina hedimasta, ko fushi nake yi da su. Mu tara ne a tabarmar nan lokacin da kike ƙarama kina fito mana da ruwan wanke hannu. Yanzu saura mu uku.

Ranar Juma'ar da ta wuce jiri ya ɗebe ni a masallaci, na ɗago daga ruku'u sai na ji ni a zaune. Kada hankalinki ya tashi, ban ji ciwo ba. Izzuddeen ya mayar da ni wajen likitar. Ta ɗora ni a sikeli ta ce na zube ƙwarai, ta tambayi abin da nake ci. Da na lissafa mata sai ta ce ita ragewa ta ce, ba ta ce in bari ba, kuma shan maganin nan a cikin da babu komai zai iya kayar da ni. Ta ce in ci abincin gida, rabin malmala da miya mai yawa, gishiri kaɗan, in dawo duk wata ta auna ni, in akwai abin canzawa ita za ta faɗa. Na tambaye ta cikin masu ba ni shawara wa ke da gaskiya. Ta ce ba ta san su ba, su ma ba su san jinina ba. Sai ta tambayi da wa nake cin abinci. Na gaya mata ni kaɗai nake ci, yarinyar da ba ta wuce sa'arki ba.

To, ga abin da na yanke, kuma ba izini nake nema ba, sanar da ke nake yi don kada ki ji a bakin wani. Maganar wadda take auna jinina zan bi, ita kaɗai. Ina roƙonki ki daina kiran Huseina kina ba ta jerin abin da za ta cire. Tana jin nauyinki, tana jin nauyin mijinta, tana tsaye a tsakaninku da ludayi a hannu ba ta san wanda za ta bi ba. Na gaya wa Izzuddeen haka shi ma, na ce ya bar mutumin wayarsa a aljihu. Na san nisa ne yake sa ki wannan, kina ganin in ba ki faɗi wani abu ba kamar ba ki yi mini komai ba. Kin yi, Auta. Alkamarki ma ba za ta lalace ba, za a riƙa tuƙa ta jefi-jefi.

Jiya na fita. Huseina ta yi tuwon dawa da miyar kuka, gishiri kaɗan, ta ƙulla wani a takarda ta ɗora kan murfi don mai son ƙari. Modibbo ya dube ni ya ce ya ɗauka sai a makara za su sake ganina, ya matsa mini wuri. Ya ɗanɗana miyar ya ce har yanzu ta marasa lafiya ce, amma bai cire hannunsa ba. Na ci rabin malmalata, na sa hannu sau biyu a damben gidansa, ya yi kamar bai gani ba. Da aka mayar da kwanon ciki babu komai a cikinsa, na ji Huseina tana tambayar yara ko zubarwa suka yi.

Ki gaishe mini da Malam Zuhair da kyau. Ki shafa mini kan Fa'izu da Umaima, ki ce wa amaryata Nuriyya angonta ya rame amma bai sake ta ba. Izzuddeen da Huseina suna gaishe ku, Modibbo ma ya ce in gaishe da Auta. Idan kin kira ranar Juma'a ki ɗaga murya, ki yi magana a hankali. Kada ki tambaye ni me na ci. Ki tambaye ni su wa na tarar a tabarma.

Allah ya yi miki albarka, ya sada mu da alheri.

Mahaifinki,
Abdulwahab