Ƙarin da ke cinyar Rabi'u

Argungu, Litinin

Malam Felix,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lahiya kai da Juliet da yara. Na kasa kiran ka a waya, don ban da bakin yi maka magana. Ka tuna ƙarin da ka gani ga cinyar ƙanena Rabi'u bara, ranar suna a Gulma? Ka ce in kai shi asibiti, na ce wanzanci gadona ne, mataccen jini ne kawai. Sau ukku na yi mashi ƙaho, na tsaga wurin. Yanzu ba ya iya shiga fadama. Likita ya rubuta "sarkoma". Takardar tana aljihuna, Rabi'u bai san boko ba, ni kuma na ce mashi ba komi. Kai ma'aikacin jinya ne, mi wagga kalma ke nufi?

Naka,
Tamba

Gesse, Birnin Kebbi, Laraba

Sarkin Aska,

Mun gode, muna lafiya. Ba zan ɓoye maka ba, ciwon daji ne, irin wanda ke tsirowa a tsoka ko kitse ko ƙashi, wato abubuwan da ke riƙe da jiki. Sau da yawa yana farawa ba zafi, shi ya sa ake raina shi. Ba ƙahonka ya kawo shi ba. Amma shekarar da aka ɓata ta ba shi dama, tsagar ma ba ta taimaka ba. Mai yiwuwa a yanke ƙafar, kuma ba a yi sai da yardarsa. Ka gaya masa gaskiya, har da abin da na ce maka bara. Ni ma da laifina, da ka yi mini dariya na yi fushi, ban sake tambaya ba.

Ku zo Litinin, ku sauka gidana.

Abokinka,
Felix

Argungu, Asabar

Malam Felix,

Na gaya mashi duka, kaina a ƙasa. Na so ya zage ni, da na samu sauƙi. Ya dubi ƙafar, sannan ya ce, "To Yaya, yi mani aski, kada in tahi Birni da suma."

Shekara talatin ina riƙe da aska. Yau sai da Rabi'u ya dafa mani hannu kafin in iya fara yi mashi askin.

Muna tafe Litinin.

Tamba