Bulon Kawu a Cikin Ruwa

Daren Talata, Gusau

Na kasa cin tuwon da Hauwa ta ajiye mini. Yau a Bungudu, wurin ginin islamiyyar da nake dubawa, na gwada bulon da Kawu Sani ya buga mana. Na tsoma guda a duron ruwa, kamar yadda nake yi wa na kowa. Sai kumfa ke tashi, yana ta shan ruwa. Da na ciro shi, gefensa na marmashewa a hannuna. Simintin bai ji ba.

Shugaban kwamitin ginin ya ce, "Injiniya, zai jure damina?"

Na ce ba zai jure ba. A gaban leburori na faɗa, Kawu na tsaye, mutumin da ya riƙe ni tun rasuwar Baba.

Bai yi musu ba. Ya ce, "Ka yi aikinka, ɗana," ya shiga loda bulonsa a mota da kansa.

Na san ba zan zaunar da yara cikin irin wannan gini ba. Amma da jiya na gwada shi a gidan bulonsa, daga ni sai shi, da ban kunyata shi ba. Ta ƙofar na wuce, ƙiwuya kawai ta hana ni tsayawa.