Garmahon Baba Ya Koma Rayfield

Gangare, Jos

Zuwa ga Yaya Abdulfatah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da zafin Fatakwal. Allah ya ƙara maka lafiya da rufin asiri. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fita tsakar gida shan hantsi.

Yaya, maganar garmahon Baba ce ta sa na rubuto, wanda ya faɗo a rabonka, ka ce a ba 'yan gwangwan. Ban bayar ba. Ka tuna Baba Natana'el, amininsa tun suna aikin kuza? Shi da ke zuwa ran Lahadi da yamma rungume da faya-fayansa, su goge kowanne da ƙyalle mai laushi, su hana mu gudu a ɗaki don kada allura ta yi tsalle. Sai su wuni suna musu a kan inda ya dace lasifika ta tsaya. Tun rikicin da ya raba unguwanni ƙafarsa ta ɗauke, ko jana'izar Baba bai samu zuwa ba.

Makon jiya 'yarsa Kaneng ta yi sallama. Ta ce idonsa ya tafi, jiki ya yi rauni, kuma kullum tambayarsa ko akwatin Haladu, wato garmahon Baba, na nan. Na sa Mustapha ƙaninmu ya kai garmahon wurin Emenike mai gyara a Titin Bauchi, da ƙyar ya samo allura. Ran Asabar muka ɗauke shi a Keke Napep zuwa gidan Baba Natana'el a Rayfield.

Da muka ajiye, sai tsohon ya miƙa hannu yana shafa katakon, har ya gano inda sigari ta taɓa ƙonawa, ya ce aikinsa ne, kuma Baba ya yi gaba da shi a kai. Aka ɗora faifai. Can sai ya ce a janye lasifikar hagu daga bango, yadda Baba ke nacewa. Aka janye. Ya gyaɗa kai, hawaye na bin gemunsa, ya ce Haladu ne da gaskiya ashe. Ni ma fita na yi waje.

Ya roƙi a bar masa shi iya kwanakin da suka rage masa. Na ce mai shi yana nesa, zan tambaya. Ina roƙonka ka amince, Yaya. In kuma ka samu hutu ka zo ka gaishe shi. Na gaya masa muryarka ta koma ta Baba sak, ya ce to ka yi sauri, kunnensa bai mutu ba tukuna.

Ka gaida Anti Ummi da yara. Inna da Ladi suna gaishe ka, Kaneng ma ta ce a miƙa gaisuwarta.

Ƙanwarka mai kewarka,
Salma Haladu