Hannun Inna a Cikin Gilashi

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali. Mu nan kalau muke, sai dai ƙafar Kawu da ke tashi lokaci lokaci. Masu zuwa ta'aziyyar Inna sun ɗauke ƙafa, gidan ya yi tsit. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Yaya, wata magana ce ta hana ni sukuni, na kasa faɗa maka a waya. Ka san Auta da aikinta na zane da sassaƙa. Bara, da aka yi wa Inna aiki a hannu, Auta ta roƙi ɗan guntun fatar da likita ya yanke. Inna ta yi dariya ta ce ta ɗauka mana, ai ba miya za a yi da shi ba. Ashe wurin ƙawarta mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje ta kai shi. Suka sa shi a wani ruwa ja-ja, ya yi ta yaɗuwa, har suka shimfiɗa shi a kan hannun gilashi da Auta ta ƙera daidai da na Inna. Yanzu haka yana gidan nuna zane-zane, kuma fatar tana da rai.

Na je na gani. Farin ɗaki ne ba taga, sai ƙarar injin da ke ɗumama akwatin gilashin da hannun ke ciki. Fatar siririya ce kamar ɓawon albasa. Mutane suna ta ɗaukar hoto, wani har yana taunar cingam. Na fito da sauri. Amma washegari na sake komawa, ban san abin da ya mai da ni ba.

Kawu ya ce duk abin da ya fito daga jikin ɗan Adam ƙasa ce makomarsa, a ɗauko a binne kusa da ita. Auta tana kuka ta ce Inna da bakinta ta yarda, har ta je ta gani kafin ta kwanta ciwo, ta ce wannan hannun ya fi nata jin daɗi tunda ba ya wanke-wanke. Na tambaye ta ko Inna ta yarda a ci gaba da raya shi bayan ranta. Sai ta juya ta kalli ƙawarta. Ƙawar tata ta ce ba Inna ba ce, fata ce kawai, ba ta ji ba ta gani. Amma ta ce ita kanta duk sanda za ta canja ruwan, sai ta tsinci bakinta yana cewa sannu Inna.

An kusa rufe baje kolin. Masu wurin sun ce ko a daskarar da fatar a ajiye, ko a daina ba ta ruwan ta mutu. Auta ta ce ba za ta iya zaɓa ba, ta bar mini. Ni ce na rufe wa Inna ido, yanzu kuma ana so in sake. Zuciyata ta fi karkata ga maganar Kawu, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka na ce a jira ka. In binnewar ka zaɓa, ka taho da kanka. Ba zan iya ɗauko shi ni kaɗai ba.

Ka gaida Anti, da Babban Mutum, da takwarar Inna. Kawu da Auta suna gaishe ku.

Ƙanwarka mai zuba ido.